Auta da Fararen Ɓeraye

A gidansu Auta ake ce mata, don ita ce ta ƙarshe a ɗakin uwarta, kuma sunan ya bi ta har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. A wurin aiki kuwa Dakta suke cewa. Gajeruwar mace ce mai saurin tafiya da ƙananan hannuwa, ba ta da yawan magana sai in an taɓo aikinta. In an taɓo shi kuwa, gara ka nemi wurin zama.

Wata cibiyar binciken cututtukan dabbobi take aiki, can bayan gari, daidai inda motar haya ke sauke fasinjan ƙarshe ta juya. Ɗakinta shi ne na ƙarshen baranda a benen ƙasa. Ba shi da taga, ƙofofinsa biyu ne a jere, sai ka rufe ta farko kafin ka buɗe ta biyu. A ciki kejin roba ne jere reras a kan kantocin ƙarfe, kowanne an shimfiɗa masa garin katako, an kifa masa kwalbar ruwa, kowanne da fararen ɓeraye masu jajayen idanu. Wata cutar aladu take bincike, mai bin jijiya ta hau ƙwaƙwalwa. So take ta san yadda kumburin da cutar ke tayarwa yake halaka dabba, da ko akwai yadda za a kwantar da shi.

Ba a makaranta ta tsinci wannan tambaya ba, a wurin babanta ta gada. Malamin dabbobi ne irin na da, mai babur da akwatin allurai ɗaure a baya. Ba ya zaɓen dabba. Saniya, jaki, kaza, alade, duk wanda ya kira shi zai je. Shekarar da Auta ke ajin ƙarshe na firamare cutar ta ɓarke a gonakin da ke kewaye da garin. Wata ranar hutu ta nace sai ta bi shi, uwarta ta hana, ta yi ta kuka har ya gaji ya ɗora ta a kan tankin babur suka tafi.

Gonar wata tsohuwa suka je, wadda mijinta ya rasu ya bar mata garke. 'Ya'yan aladun suna kwance ta gefe ɗaya suna karkarwa, suna tuƙa ƙafafu kamar masu iyo, kumfa cike da baki. Wasu kuma suna ta zagaye wuri ɗaya. Amma abin da ya tsaya wa yarinyar a rai shi ne karen gidan. Ya ci mushen ɗaya daga cikinsu, cutar ta kama shi. Yana susar fuskarsa da ƙafa, yana goga ta a jikin turke, fata ta saɓule, jini na zuba, bai daina ba.

Umarni ya riga ya zo daga sama cewa duk garken da cutar ta shiga a kashe shi gaba ɗaya, har masu lafiyar, kuma baban Auta ne aka ɗora wa aikin. Tsohuwa ta cafki hannun rigarsa, ta nuna masa waɗansu manya da ke ta turmutsutsu a kan kwanon abinci.

"Malam, dube su fa. Ci suke yi. Waɗannan me suka yi?"

"Ba su yi komai ba, Iya," in ji shi. Bai iya kallon idonta ba.

Kafin a rufe ramin da aka zuba gawarwakin ya buɗe kan ɗaya daga cikin ƙananan ya daɗe yana dubawa. A hanyar dawowa ya tsayar da babur a gindin wata bishiya, ya wanke hannunsa da sabulu, ya sake wankewa, sannan ya zauna a kan saiwa.

"Kin ga yadda ƙwaƙwalwar nan ta kumbura, Auta? Jiki ne ya tashi faɗa da cutar, ya rasa inda zai tsaya. Ni zargina rabin kisan shi yake yi. Amma wa zai tambaye ni? Ni dai an ce in kashe."

Daga wannan shekara masu gonaki suka laƙaba masa Ajali. In suka ji ƙarar baburinsa sai su kora dabbobinsu daji. Mutumin da a da ake tara da ƙwai da gaisuwa ya koma ana rufe masa ƙyaure. Bai taɓa yin ƙorafi ba, sai dai ya rage dariya, kuma bai ƙara ɗaukar Auta a babur ba.

Ta yi karatu mai tsawo, ta zama likitar dabbobi, ta ƙara da wani karatun, ta samu aiki a cibiyar. A tsakani ta auri wani mai gyaran rediyo da fanka, shagonsa na bakin titi kusa da gidan da suke haya. Mutum ne mai barkwanci, wanda ko rashin lafiya yake sai ya ba mai jinya dariya. Shi ya sa mata suna Uwar Ɓeraye.

"Kowa a garin nan tarko yake saya," yakan ce wa abokansa a shago, "ni kuwa mai kiwo na auro."

Auta takan yi murmushi in ya faɗa, don ta san ba da raini yake yi ba. Ta ƙanwarsa ce ba ta so. Duk zuwan da za ta yi gidan sai ta toshe hanci da wasa ta ce, "Matar yaya, an dai wanke hannu kafin a taɓa tukunya ko? Ga ɓera, ga alade." Wasan ya tsufa har ya fita daga wasa. 'Yarsu ɗaya tilo ma, in aka tambaye ta a makaranta aikin mamanta, sai ta ce likita ce, ta ja bakinta ta yi shiru.

Ba a shigo da alade cibiyar, ba wurinsa, kuma in cutar ta kuɓuce daga jikinsa an shiga uku. Ɓera ake sa wa. Auta za ta sa riga mai dogon hannu da safar hannu da hula, ta kamo ɓera ta wutsiya, ta dafe fatar ƙeyarsa da yatsu biyu, ta soka masa siririyar allura a tafin ƙafar baya. Ranar farko ba ka ganin komai, yana cin abincinsa, yana hawa kan 'yan'uwansa. Cikin 'yan kwanaki sai ya fara lasar ƙafar. Daga lasa sai susa, daga susa sai cizo. Gashinsa ya miƙe, bayansa ya gantsare, ya koma lungu shi kaɗai.

A nan Auta take tsayar da abin. Ba ta yarda ko ɗaya ya kai inda karen tsohuwa ya kai. Da zarar cizo ya fara sai ta ɗauke shi ta sa a akwatin iskar barci, ta tsaya a kansa har numfashi ya ɗauke. Kowanne sai ta ce masa sannu, can ƙasa-ƙasa. Sannan ta ɗibi jini, ta cire ƙwaƙwalwa da laka da saifa da huhu, ta miƙa wa abokiyar aikinta.

Doguwa ake ce wa abokiyar, ma'aikaciyar ɗakin gwaji, sa'ar Auta ce, ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba, ga murya kamar ta mai kiran fasinja. Ita ke yanka naman siriri har haske na ratsa shi, ta manna a kan ɗan gilashi, ta rina shi da shuɗi da ja. In Auta ta sa gilashin a madubin likita sai ta ga ƙwayoyin jinin da ke kare jiki sun yi dafifi a gefen jijiyoyi, sun cika wurin maƙil, naman da ke kewaye ya jiƙe ya ɓaci. Shi ne kumburin.

"Kina gaida ɓerayen nan kamar surukanki," Doguwa takan ce mata.

"Sun fi surukaina yi mini aiki."

Sai Doguwa ta ƙyalƙyale har ɓerayen su daskare a cikin keji. Tare suke cin abincin rana a ƙarƙashin matakalar bene, kwano ɗaya, suna gulmar shugaban sashe, wani farfesa mai sanƙo da ba ya gama jimla sai ya goge tabarau.

Lokacin da uwar Auta ta rasu, sai ta ɗauko babanta ya dawo wurinsu, aka gyara masa ɗakin da ke kusa da ƙofa. Ya tsufa, gwiwoyi sun ƙi, amma kansa garau yake a lokacin. Kullum da yamma yana zaune a kujerar roba a tsakar gida yana jiran dawowarta. Kafin ta ajiye jaka zai ce, "To, Auta, me mutanenki suka ce yau?" Ita kuma ta zauna a gefensa ta kwashe komai ta gaya masa, kamar mai ba da rahoto ga shugaba.

Bayan shekaru tana auna jini da duba gilasai, ta gano wani sinadari da jikin ɓeran ke zubowa da yawan gaske daidai lokacin da susa ke farawa. Akwai kuma maganin da ke toshe shi. Aka sha wahala kafin a samo maganin, da ya zo kuwa a 'yar kwalba, Auta ta riƙe shi da hannu biyu ta kai firji. Ta raba ɓerayenta gida biyu, ta sa wa duka cutar, ta ba rabi maganin tun daga farko.

Ranar da ya kamata susa ta fara, ta shiga ɗakin. Waɗanda ba su sha magani ba sun fara cizo kamar kullum. Waɗanda suka sha kuwa suna ta wasansu, ƙafafunsu lafiya lau, ko lasa babu. Doguwa ce ta rungume ta ta baya ta ɗaga ta sama cak, tana cewa, "Wayyo, 'yar gajeruwa ta yi abin kai!"

Da ta gaya wa babanta a yammacin nan, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya yi ta jinjina kai. Maigidan ya rufe shago da wuri ya sayo lemo. Har ƙanwarsa, da labarin ya kai mata, ta aiko da saƙon barka.

Ba a yi mako ba masu shan maganin suka fara mutuwa. Ba susa, ba cizo. Sai dai ɓera ya yi sanyi, ya daina cin abinci, ya kwanta. Da ta duba ƙwaƙwalwarsu sai ta ga kumburin ya ragu sosai, kamar yadda ta yi fata, amma ƙwayar cutar ta ninka, ta bazu ko'ina ba mai tare ta. Kumburin da take zargi da kisa, ashe shi ne kuma yake riƙe da ƙofa.

Ta faɗa wa babanta a tsaye, jaka a kafaɗa. Ya ce, "Amma ba su sha wahala ba?"

"Ba su sha ba, Baba."

"To wannan ma wani abu ne. Zauna ki huta."

Ba ta huta ba. Ta sake gwadawa da rabin maganin, ta sake da wani iri, ta sake da tsofaffin ɓeraye, ta sake da matasa. Kowane zagaye watanni yake ci, kuma ƙarshensa akwatin iskar barci. 'Yarta ta gama sakandare, ta tafi jami'a a wani gari, Auta ba ta ankara da yadda shekarun suka zame ba.

A cikin waɗannan shekaru ne atishawa ta fara. Da ta shiga ɗakin sai ta jera su, idanunta su yi ja su kawo ruwa. Ta ce mura ce. Daga baya ta lura duk inda wutsiyar ɓera ta goge ta a tsintsiyar hannu, tsakanin safa da riga, sai wurin ya tashi ya yi rudu-rudu. Ta ƙara tsawon safa. Maigidan ne ya fara jin ƙirjin, wata safiya suna karyawa.

"Uwar Ɓeraye, tsaya. Yi numfashi in ji." Ya kara kunne kamar yadda yake wa rediyo. "Akwai tashar da ke fito a cikin nan. Ni dai ban iya gyaran irin wannan ba, asibiti za mu."

Ya faɗa da dariya, amma bai buɗe shago ba ran nan sai da ya kai ta. Likitan ƙirji ya sa ta hura a wani bututu, ya ɗiga mata ruwaye iri-iri a dantse yana tsaga fatar kaɗan-kaɗan. Wuri ɗaya ne ya kumbura ya yi fam. Ya tambaye ta aikinta, ta gaya masa, ya ajiye biro.

"Dakta, ba sai na yi miki dogon bayani ba. Asma ce, kuma ɓerayen ne suka jawo ta. Fitsarinsu yana bushewa a garin katako, ya tashi a iska, kina shaƙa shekara da shekaru. Jikinki ya ƙi su. In kika ci gaba, kullum ƙaruwa za ta yi."

"Ba maganin da zan riƙa sha in ci gaba?"

"Akwai na rage zafi. Na warkewa shi ne ki bar ɗakin."

Ya ba ta abin shaƙa. A mota maigidan ya ce, "Kin dai ji." Ta ce ta ji. Washegari ta saka abin shaƙar a aljihun riga, ta ɗaura takunkumi biyu, ta buɗe ƙofa ta farko ta rufe, ta buɗe ta biyu. Ba ta gaya wa farfesa ba. Doguwa kaɗai ta sani, ita ma don ta gan ta ne a bayan firji tana fesawa a baki.

"Ke kam kanki ɗaya kuwa?" in ji Doguwa. "A kan ɓera za ki bar 'yarki marainiya?"

"Saura gwaji ɗaya. Na gane inda na yi kuskure. Da wuri nake ba su maganin. A bar jiki ya fara faɗansa tukuna, sai ya kusa wuce gona da iri a kwantar da shi. Ki rufa mini asiri in gama wannan."

Doguwa ta yi tsaki, ta yi masifa, daga ƙarshe ta ce ita za ta riƙa canja garin katakon, Auta kada ta kuskura ta taɓa. Haka aka fara. Aka sa wa ɓeraye cutar, aka jira. Wahalar wannan gwaji ita ce sai an tsaya a kansu, a kama daidai lokacin da lasa ke komawa susa, don haka Auta ta koma wuni a ɗakin da aka ce ta bari.

Da hantsi abin ya same ta. Tana riƙe da ɓera a hannun hagu, allura a dama, sai ta ji kamar an ɗaure mata ƙirji da igiya ana ja. Ta ja numfashi, ya tsaya a maƙogwaro. Duk da haka sai da ta mayar da ɓeran keji ta rufe murfi, don mai cuta ne, bai kamata ya sauka ƙasa ba. Ta lalubo abin shaƙa, ta fesa, iska ba ta shiga balle magani ya bi. Ta durƙusa a jikin kantar ƙarfe. Doguwa ta shigo da buhun abincin ɓeraye, ta yar da shi, ta sungume ta kamar yarinya, ta bi baranda da ita tana ihu a kawo mota.

Ta yi kwanaki a asibiti da robar iska a hanci. Maigidan yana zaune a gefen gado, karo na farko tun aurensu ba shi da abin dariyar faɗa. Da ta samu bakin magana, abin da ta fara tambaya shi ne ko an ba ɓerayen da ke kan kanta ta uku maganinsu. Ya tashi ya fita waje.

Da ta koma aiki farfesa ya kira ta ofis. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Dakta, da kin gaya mini. Ba zan yi miki faɗa ba, kin riga kin sha naki. Amma ɗakin can kin gama shigarsa. Na sa an karɓi makullin."

"Ranka ya daɗe, ko ta bakin ƙofa ne, in riƙa leƙawa..."

"Ko barandar ban yarda ba. In kika faɗi a can, me zan ce wa mijinki? Me zan ce wa tsohon nan?"

Ba mugun mutum ba ne, kuma ta san gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Aka ba ta wani ɗaki a bene na sama, mai taga babba, da madubin likita da tebur. Doguwa ce ta ƙarasa gwajin ita kaɗai, iya yinta, ga nata aikin na yanka da rini. Amma mutum ɗaya ba zai tsaya a kan keji duka ba. Wasu an ba su maganin a makare, wasu da wuri. A ƙarshe yawancinsu sun mutu, kaɗan sun daɗe fiye da yadda aka saba, 'yan ƙalilan kuma sun tashi sun ci gaba da cin abinci kamar ba a yi ba. Auta ba ta taɓa ganin ɓeran da ya tsira daga wannan cuta ba, kuma waɗannan ma ba ta gan su da idonta ba, a waya Doguwa ta ɗauko mata hotonsu.

Sun yi kaɗan a kafa hujja da su. Sai an maimaita, a maimaita kuma. Auta ta nemi wanda zai karɓi aikin, ba ta samu ba, kowa da abin da ke gabansa, ba kuma mai sha'awar cutar alade. Shekara ta zagayo, wata annoba ta faɗa wa kaji a ƙasar, hankalin cibiyar ya koma can kacokan. Aka kwashe kejin, aka wanke ɗakin ƙarshen baranda, aka zuba injinan ƙyanƙyasar ƙwai. Ɓerayen da suka saura, har da waɗanda suka tsira, Doguwa ce ta sa su a akwatin iskar barci. Ta hau bene ta gaya wa Auta daga bakin ƙofa, don ko rigar aikinta in ta matso kusa sai ƙirjin Auta ya fara fito. Cin abinci a kwano ɗaya tuni ya ƙare.

A gida kuma kan tsoho ya fara kwancewa. Yana nan a kujerarsa da yamma, amma wani lokaci in ta shigo sai ya gaishe ta kamar baƙuwa. Wata rana ya kama hannunta ya ce, "Iya, ki yafe mini, umarni aka ba ni." Ta gane wadda yake gani. Ta ce masa ta yafe, ya saki hannun, ya gyara zama. Wata yammar kuma hankalinsa ya dawo tas, ya kira ta da sunanta, ya tambaye ta ina aka kwana.

"An rufe ɗakin, Baba. Ban kai ƙarshe ba. Kana da gaskiya, jiki yana da hannu a kisan. Amma in aka hana shi faɗa, cutar ce ke kashewa. Akwai wani lokaci a tsakiya, na hango shi, ban kama shi ba."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar mai auna maganar. Sannan ya tambaye ta ko an shigo da baburinsa, don hadari ya haɗu. Baburin da aka sayar tun tana jami'a. Ta ce an shigo da shi. Damina ba ta ƙare ba rai ya yi halinsa, da rana tsaka, yana zaune a kujerar.

Ta ci gaba da zuwa aiki. Gilasan kaji ake kawo mata yanzu, ta duba ta faɗi abin da ta gani, kuma ba wanda ya taɓa kuka da aikinta. Bayan wasu shekaru farfesa ya tare ta a matakala, ya ce wasu masu bincike a wata ƙasa mai nisa sun fitar da sakamako a kan cutar nan tata, sun jinkirta maganin, ɓeraye da dama sun rayu. Ya ce, "Hanyarki ce sak, Dakta." Da alama ya ɗauka daɗi za ta ji. Ta yi masa godiya, ta shiga ɗakinta ta karanta abin daga farko har ƙarshe. Aiki ne mai kyau, ba ta ga inda za ta kushe ba. A ƙarshensa su ma sun ce ba su san ko zai yi wa alade amfani ba, sai an ƙara bincike.

Da ta gaya wa maigidan, yana kwance kusoshin bayan wata fanka, ya ɗago ya ce, "To ai kin yi daidai ke nan."

"Na yi daidai."

"Sun ambace ki?"

"Ina suka san ni?"

Ya buɗe baki zai yi wasa, ya fasa, ya koma kan fankarsa.

Asmar ba ta sake ta ba, ko da ta bar ɓeraye. Ƙura tana tayar mata da ita, hayaƙin mota ma haka, sanyin damina kuwa sai ya kwantar da ita mako guda. Matakalar benen ta zame mata aiki, tana hawa tana tsayawa. Ta ajiye aiki kafin lokacinta ya cika. An yi mata ɗan taron sallama a ɗakin taro, farfesa ya yi jawabi, aka ba ta agogon bango. Doguwa, wadda aka mayar wani reshe a wani gari, ba ta samu zuwa ba, ta kira a waya ta yi ta kuka, Auta ce ma take ba ta haƙuri.

Yanzu 'yarsu ta yi aure tana nesa, gidan ya yi musu faɗi. Da safe, in ƙirjin ya bar ta, Auta takan ɗauki kujera ta bi maigidan shago. Ba a cika kawo gyaran rediyo ba yanzu, fanka ce da dutsen guga jefi-jefi. Takan zauna daga ciki, nesa da ƙurar titi, ta kalli masu wucewa. Wani lokaci maƙwabta su kawo mata akuya mai zawo ko kaza mai gyangyaɗi, ta duba daga nesa-nesa ta faɗi maganin da za a saya. In rana ta take sai maigidan ya sauke labulen ƙofa rabi, ya kunna mata fankar wani da bai zo karɓa ba, su zauna su ci abin da ta dafo.